Hayaƙin Mai Tari

Ubale ne ya fara ganin hayaƙin, kafin kowa ya gani. Mutum sun fi dubu a bakin ruwan Sawakin ran nan, sun yi kwana arba'in da ɗoriya suna jiran jirgin da zai ƙetare da su Jidda. Akwai malamai, akwai masu tabarau, akwai ma'aikacin Bature da madubin hangen nesa rataye a wuya. Duk da haka yaron nan da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, wanda ko takalmi ba shi da shi, shi ya miƙa hannu wajen teku ya ce ga shi can. Aka duba, ba a ga komai ba. Wani dattijo ya kai masa ranƙwashi, wai yana wasa da zukatan alhazai. Sai da aka sallame la'asar sannan sauran suka ga abin da shi ya gani tun azahar, wani abu siriri kamar zare, can inda ruwa ya haɗu da sama.

Jirgin hayaƙi ne, tsoho, na wani kamfanin Turawa. Alhazai suka sa masa suna Mai Tari saboda yadda injinsa ke yi. Ubale ba shi da takardar shiga, ba shi da kowa, uwa da uba duk sun rasu a hanya. Ba'indiyen da ke kula da injin ya dubi kafaɗunsa, ya ja shi ƙasa, ya danƙa masa shebur. Shekara uku ya yi a ƙasan jirgin nan yana ciyar da wuta, inda ƙarti suka riƙa zubewa saboda zafi, shi kuwa bai zube ba ko sau ɗaya. A ta huɗun, ran da aka tsaya Jidda, ya ɗora buhun wani alhaji a ka, ya bi ayarin 'yan dako ya sauka, bai ƙara waiwayar ruwa ba.

Ya fi shekara sittin yana ba da wannan labari. Yanzu wurin bayarwar benci ne a ƙofar shagon mai tsire a unguwar Waziriyya ta Jidda, bayan la'asar. Amma da Hausa kaɗai. Da zarar an juya Larabci, ko baƙuwar fuska ta tsaya, to Ubale bai taɓa jin warin teku ba, a unguwar Ammariyya nan cikin Jidda aka haife shi, haka iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ce. Shekarar da aka yi gyaran takardu dattawa biyu suka tsaya masa shaida, dukansu ƙasa ta rufe musu ido. Daga takardarsa ta 'yarsa Dela ta fito, daga ta Dela ta 'ya'yanta uku, tunda ubansu ya rasu bai bar komai a rubuce ba. Mutum biyar ke tsaye a kan wannan kalma guda. Kuma saura wata biyu a sabunta takardun.

Daidai wannan lokaci Hashim ya ga damar zuwa da jikarsa.

Hashim tela ne, Bahaushen Sudan, shekararsu talatin suna zaman benci ɗaya. A jirgin sama ya zo Jidda da girmansa, da fasfo mai kyau, da keken ɗinkinsa a akwati. Ruwan da ya sani shi ne na alwala. Jikar tasa kuwa, Razan, a nan aka haife ta, ta yi jami'a, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta riƙa tuntuɓe. Ubale ya san ta tun tana rarrafe. Abin da bai sani ba shi ne katin da ke rataye a wuyanta da shuɗiyar igiya, mai hotonta da tambari.

"Amarya, wa ya rataya miki wannan? Ni dai ban ba da sadaki don a mai da ke akuya ba."

"Na shugul ne, ya jaddi. Na aiki." Kaka take ce masa da Larabci. Ta durƙusa ta gaishe shi. "Akwai tsohon gida a Balad, can tsohon gari, an gyara shi, zai zama gidan tarihi. Ɗaki ɗaya na jiragen hayaƙi ne. Muna neman wanda ya shiga da ƙafarsa. Kakana ya ce duk Jidda babu kamar ka."

Ubale ya dubi Hashim. Hashim ya dubi tsire.

Razan ta ajiye waya a kan benci tsakaninsu, ta zaro takarda daga jaka. Ubale bai yi karatu ba, na boko ko na allo, amma takarda mai ɗakuna-ɗakuna da ake cikewa ya san ta ko a duhu.

"Karanta mini."

"Suna. Shekarar da mutum ya zo. Inda ya taso. Lambar iƙama. Sai sa hannu."

"Lambar ta mece ce?"

"Ƙa'ida ce kawai, wallahi."

"Takardar ina take zuwa?"

"Wurin shugabanmu, Ustaz Nawaf."

"Daga wurinsa fa?"

"Sai fayil."

"Fayil ɗin wa ke buɗewa?"

Ta yi dariya. Dariyar ba ta yi masa ba, ta zo da sauri. Sai ya ɗauki wayar da yatsa biyu ya mayar mata a cinya, ya juya harshe zuwa Larabci, ya ce shi haifaffen Ammariyya ne, jirgi bai taɓa shiga ba sai kwale-kwalen masu kamun kifi, shi ma amai ya yi ta yi.

"Kai tsoho, ka ji tsoron Allah," in ji Hashim. "Jiya-jiyan nan ka cika mana kunne da Mai Tari har tsiren ya huce."

"Jiya ka ji, ko mafarki ka yi? Ɗinkin dare ya taɓa maka kai."

Ya tashi ya bar musu bencin, kuma maganar tana cinsa a rai har gida. Tunda yake, ba a taɓa roƙonsa ya ba da labarin nan ba. Kullum shi ke tare mutane.

Dela na gaban tanda tana juya waina ya gaya mata. Ta ajiye cokalin.

"Baba, ka yi daidai. Don Allah ka ci gaba da yin daidai."

"Ni za a yi wa wayo? Na ga wayon Turawa, na ga na Indiyawa, ban faɗa ba, sai na 'yar tela?"

"Ka tuna Abdallah mai gyaran firji? Magana ɗaya ya yi a cikin taksi, aka fitar da shi daga ƙasar. Yau shekara huɗu matarsa na aika masa hoton yara ta waya." Ta ɗauki cokalin. "Yaran nan ba su san ko'ina ba sai nan. In aka tono taka, tamu duk ta tonu. Halas, magana ta ƙare. Ka bar jirgin nan ya nutse."

Kwana da kwanaki yana juya abin a ransa. Shekara talatin Hashim na jin labarin nan, me ya sa sai yanzu, saura wata biyu? Wa ya gaya masa watan sabuntawa? Ashe ba shi ya ɗinka wa babban ɗan Dela riga ba watan jiya, yaron kuwa bakinsa ba ya rufuwa? Ita kuma yarinyar, gidan tarihi wane iri ne ke neman lambar mutum? Ya daina ba da labarin ko da Hausa. Ya koma zama can ƙarshen benci, inda yake ganin bakin layi duka biyu.

Mako uku da yin haka mai tsire ya ce masa, yana barbaɗa yaji, "Baba Ubale, ashe Alhaji Hashim ma ya yi aikin jirgi? Ƙanena ya je Balad, ya ce muryarsa na can ana saka wa mutane a kunne. Har da hotonsa riƙe da shebur."

 Ranar Asabar da hantsi Ubale ya sa farar rigarsa, ya ce wa Dela za shi unguwar Bagdadiyya wajen mai maganin gwiwa.

Balad ya nufa. Gidan tarihin benen dutse ne, mai tagogin katako, an sa masa sanyi har ƙashi na ji. A ɗakin farko wani dogon mutum mai gyararren gemu yana tsaye gaban taswira yana yi wa baƙi bayani da Larabci, katinsa irin na Razan. Nawaf ɗin ke nan. An ja jajayen layuka a taswirar daga ko'ina suna taruwa a Jidda. Yana cewa jirgin hayaƙi ya taƙaita wa alhazai hanya, tafiyar da iska ke yi a watanni shi ya yi ta a kwanaki.

Gaskiya ne, amma rabi. Ɗaya rabin Ubale ya ji shi daga bakin kakansa, mutumin Yola, wanda ya ce da idonsa ya ga irin jiragen nan sun hauro Binuwai, ba filafili ba sandar tuƙi, suna tafiya gaba da ruwa kamar aljanu na ja, da manyan bindigogi a ka. Kafin hayaƙinsu ya washe gari ya zama na wasu. Shi ya sa tsohon ya kwashi iyalinsa ya yi gabas a ƙafa, ya mutu bai kai ba, ɗansa ma bai kai ba. Jikan ne ya kai, kuma a cikin cikin abin da ya kore su. Wannan ba ya cikin taswira.

"Ya jaddi! Ka zo!"

Razan ce. Ba ta yi mamaki yadda ya kamata ba, ya lura da wannan.

"Gwiwa ta kawo ni unguwar, na ce in sha sanyi."

Ta ja shi ɗaki na biyu. A tsakiya akwai akwatin gilashi cike da tsofaffin littattafai, bangonsu da zanen jirage.

"Waɗannan fa?"

"Labarai ne da Turawa suka rubuta a kan jiragen. Manyan littattafai ne a wurinsu, har yau ana karanta su a jami'a. Na karanta su duka."

"Me suka ce?"

"Kyaftin. Abin da ke damunsa, abin da ya gani, wasiƙar da ya rubuta wa matarsa."

"Na ƙasa fa? Masu wuta?"

"Suna nan. Wani lokaci a ce an ji ihunsu, wani lokaci a ce an ga baƙaƙen bayansu suna sheƙi. Amma suna, ko ɗaya. Na duba, ya jaddi. Ko ɗaya babu."

Ta faɗi haka tana kallonsa. Ubale ya gane ƙugiya in ya gan ta, ya yi kamun kifi. Ya ce Allah ya kyauta, ya wuce.

A bangon ƙarshe hoton yake. Hashim ne cikin babbar riga, ya riƙe shebur kamar mai riƙe da tsintsiya, hannu biyu duk a sama. Ainihin shebur ɗin na jingine a bayan igiya. Gefen hoton kuma, a kan kujera, Hashim ɗin ne da kansa, da hula sabuwa, ashe duk Asabar zuwa yake baƙi na gaishe shi. Da ya ga Ubale sai ya gyara zama.

"A'a, ɗan Ammariyya! Ka zo ganin jirgi? Ka yi a hankali, kar ka yi musu amai a nan."

Ubale ya ɗauki abin sauraren ya ɗora a kunne.

Labarinsa ne. Sawakin, kwana arba'in, ranƙwashin dattijo, Ba'indiye, har inda yake tsayawa ya ja numfashi Hashim ya tsaya. Ya daure. Ya ce a ransa ai magana ce, ta tafi ta tafi, yaran Dela sun fi ta. Sai muryar ta kai wurin da Hashim ya ga ya kamata ya ƙara gishiri: "Mu riƙa zuba gawayi, mu tula, mu tula, har bakin murhu ya cika. Hayaƙinmu baƙi ƙirin, ya rufe rana, mutanen Jidda su fito suna cewa ga jarumai nan tafe."

Ubale ya cire abin daga kunne a hankali.

"Baƙi ƙirin."

"Ƙirin," in ji Hashim.

"Kai jakin ina ne? Baƙin hayaƙi abin alfahari ne? Ran da hayaƙi ya yi baƙi ran nan an shaƙe wuta, gawayi na tafiya sama a banza, allurar ƙarfi na faɗuwa, Ba'indiye na saukowa da sifana a hannu yana neman ƙeyar wanda ya yi! Wa ya ce maka tulawa ake yi? Tuwo ne?"

"Yi a hankali, Alhaji, akwai baƙi."

"Baƙin su ji!" Ya juya sandarsa, hannun hagu can ƙasa, na dama a gindi, ya ware ƙafa. Gwiwar da ke ciwo ta manta tana ciwo. "Ka buɗe ƙofa. Ɗaya hagu. Ɗaya dama. Ɗaya can ƙurya, da juyin wuyan hannu, ya bazu kamar ana shuka. Ɗaya gaba. Ka rufe, maza, kafin iska mai sanyi ta shiga. Huɗu, ba biyar ba. Kaurinsa kar ya wuce tafin hannu. Ka ga wuta ta yi fari, to ka iya. Hayaƙin gwani launin toka ne, da ƙyar ake ganinsa. Baƙi ƙirin! A rubuta a bango, jikokin jikoki su zo su karanta cewa masu wutar Mai Tari ba su san aikinsu ba?"

Sai da ya sauke sandar ya ji ɗakin ya yi tsit. Baƙin ɗakin farko duk sun shigo. Nawaf na gabansu, hannunsa a aljihu, kuma Ubale bai san abin da ke cikin aljihun ba. Hannun rigarsa ya zame har gwiwar hannu, tabon ƙunar ƙofar murhu na nan a fili, dogo, fari.

"Masha Allah, ya ammi," in ji Nawaf da Larabci, cikin ladabi. Razan ta riga ta raɗa masa fassara. "Wannan ba ji ka yi ba, yi ka yi. Kai ma ka yi aiki a jirgin? Wace shekara ka zo?"

Hashim ya yi murmushi, shi ma da Larabci ya ce, "Ina fa. Shi a Ammariyya aka haife shi. Ko ba haka ba, Alhaji?"

To, nan ne Ubale ya gane abin da ya sa tela ya yi ƙarfin halin sata da rana tsaka. Ya san mai kayan ba shi da bakin cewa nasa ne.

Kalmar na kan harshensa. Ni ne. Shekara sittin yana faɗinta ga masu cin tsire da ba su damu ba, yau ga mutum ashirin sun zuba masa ido, ga shugaba da kati, ga bango da ke jiran suna. Ya ga hotonsa a wurin, shebur a riƙe yadda ake riƙewa. Sai kuma ya ga Dela da cokali a hannu, da ƙaramar 'yarta da jakar makaranta, a layin da ba a dawowa.

Ya ja hannun riga ya rufe tabon.

"A Ammariyya aka haife ni," ya ce. Larabcin ya fito da ɗaci. "Maƙwabcinmu ne ya yi aikin. Shi ya koya mini ina yaro, da sanda, kamar yadda kuka gani. Labarin da ke cikin abin kunnen nan nasa ne. A bakina wannan telan ya ji, ya ɓata shi."

"Sunansa?" in ji Nawaf.

"Rilwanu. Mutumin Katagum."

Bai ƙirƙiri sunan ba. Rilwanu ne ya kama hannunsa ranar farko ya gyara masa riƙon shebur, shi ke ba shi rabin ruwansa, shi ya koya masa tauna gawayi kaɗan in ƙishi ya yi yawa. A shekara ta biyu, cikin tsananin zafi, ya zauna a kan tarin gawayi ya ce bari ya huta, bai tashi ba. Aka naɗe shi a buhu, aka ɗaura masa ƙarfen murhu a ƙafa, aka sake shi a ruwa tsakanin azahar da la'asar. Jirgin ko rage gudu bai yi ba. Bai taɓa taka Jidda ba. Yanzu Ubale ya sauke shi a can, ya ba shi ɗaki a Ammariyya.

"Yana da iyali? Za mu so mu gana da su."

"Ba shi da kowa."

"Kabarinsa fa?"

"Allah ya san inda yake."

Nawaf ya dubi Hashim, ya dubi hoton, ya dubi Razan. Hashim ya fara cewa ai shi ma ba cewa ya yi lallai-lallai shi ne ba, abin ne ya zo a haka, amma babu mai saurarensa. Nawaf ya ce a kashe muryar tukuna. Sannan ya ce wa Ubale za su so su ɗauki labarin daga bakinsa, daidai yadda yake, sai dai akwai 'yar takarda.

"Ba takarda. Ba murya, ba hoto, ba lamba. Ta zo da biro ta rubuta da hannu, ina kallo. Sunan Rilwanu a sama. Nawa kar ya fito ko a ƙasa."

"Dole a ce daga wa aka ji, ya ammi."

"A rubuta daga bakin dattawan unguwa," in ji Razan da sauri. "An yi haka a ɗakin kayan aure."

Nawaf ya ce to.

Ta raka shi har ƙofa. A matakala ta tsaya, ta haɗa Hausarta da ƙyar.

"Ya jaddi, shi Rilwanu ma yana da irin tabon nan a hannu?"

"Iri ɗaya sak."

"Na gane."

Abin da ta gane, da wanda za ta gaya wa, bai sani ba. Bai kuma sani ba ko tun farko ta san kakanta ƙarya yake, ta bar baƙin hayaƙin a ciki da gangan don ta san zai fito da mai shi daga rami. In haka ne, yarinyar ta fi Ba'indiye haɗari.

Kwana huɗu tana zuwa benci da littafi da biro, jakarta a cikin shago wurin mai tsire. Ubale ya ba ta komai, yana cewa ya yi, ya gani, ya sauka. Sau biyu bakinsa ya zame ya ce na, biron ya tsaya, ta jira, ya gyara, ta ci gaba. Dela ba ta yi masa magana ba har mako guda, abinci kawai take turo masa. Duk motar da ta rage gudu a layin sai ya bi ta da ido har ta ɓace. Wani mutum da ya tsaya tambayar gidan haya, Ubale ya tabbata ba gida yake nema ba. Ran da kafili, mai tsaya musu wajen hukuma, ya kira ya ce a kawo takardu, ya yi alwala sau uku kafin azahar.

Takardun suka fito, duka biyar. Wurin haihuwa, Ammariyya.

Hashim ya dawo benci bayan wata guda, ba sabuwar hula. Ya ce shi don kada labarin ya bi su kabari ya faɗa, tunda mai shi ya ƙi. Ubale ya ce Allah ya saka da alheri, ya matsa da kofin shayinsa ɗaya gefen.

Abin da bai yi lissafinsa ba shi ne samarin unguwa. Sun je Balad, sun karanta bango. Ran da ya ji hankalinsa ya kwanta ya gyara murya ya fara, "Muna bakin ruwan Sawakin," sai wani ya ce, da tsinken tsire a baki, "Baba, ai mun san wannan. Na Rilwanu ne. An rubuta." Sauran suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsoho da aka kama yana ƙari. Mai tsire ma ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ubale ya bar su suka gama. Bai rantse ba, bai nuna tabo ba.

Amma yana nan, bai je ko'ina ba, ƙarshen benci, bayan la'asar. Duk wanda ya ga tsohon ƙari yake yi, ko a Waziriyya yake ko a Balad, ko yana da kati a wuya, ya sayo buhun gawayi goma da shebur biyu, a hura wuta a filin bayan masallaci da tsakar rana, a tsaya kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya fara neman wurin zama shi ne maƙaryaci. Sharaɗi ɗaya ne: ya bar wayarsa a gida.